Wane Ɗan Dambe Ya Cancanci A Riƙa Tunawa Da Shi?

A garin Rawayya, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara, in kana so dattawa su manta da tuwon dare, to ka tambaye su wane ne gwarzon 'yan dambe. Wannan ya ce Shago, wancan ya ce Ɗandunawa, wani kuma ya kawo Ado Ɗan Kware. Matasa su ma su jefo nasu gwanin, irin su Dogo Mai Takwasara. Haka za a watse, kowa da nasa.

Irin wannan gardama ba a nan kaɗai ake yin ta ba. A ƙasar Kanada, inda ake ji da wasan hoki na kan ƙanƙara, tun 1943 suka kafa zauren tunawa da gwanayensu, wanda ke birnin Toronto. A bisa ƙa'ida, sai ɗan wasa ya shekara 3 da barin wasa kafin a duba cancantarsa. Kwamitin mutum 18 ke zama, kuma sai 14 sun yarda. Su ma suna musu, amma da takarda a hannu: ga yawan wasan da ya yi, ga ƙwallon da ya ci.

Mu kuwa, mai karatu, makaɗi shi ne littafinmu. Ba don kalangun marigayi Ɗan Anace ba, yara nawa ne yau za su san sunan Shago? To, ina waɗanda suka yi ta kisa a fagen Tsafe da Kwatarkwashi lokacin kaka, amma ba su sami mai yi musu waƙa ba? An rufe sunansu tare da su.

Saboda haka, kafin a ce wane ya fi wane, sai a tsai da ma'auni. Yawan kisa za a duba, ko daɗewa a fage, ko kuwa halin mutum bayan ya kwance zare? Kuma kada a fifita ɗan Kudu a kan na Jamus ko Guramaɗa don son kai.

Gusau ta zama babban birnin jiha tun 1996. Bai kamata ta rasa ɗaki guda na ajiye sunaye da hotunan waɗannan mazaje ba. Tsofaffin da suka gani da idonsu suna ta ƙarewa. A je a ɗauki maganarsu tun suna raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.