FILIN MANOMA: Wutar Da Ke Tona Asirin Ƙasar Gona

Jama'a manoma, damina ta matso, kowa kuwa ya san tsadar takin zamani. Mutum ya sayar da akuya ya sayi buhun kamfa, alhali abin da gonarsa ke bukata daban ne, wannan hasara ce biyu. Saboda haka yau za mu yi bayanin yadda masana ke auna ƙasa su gane abincin shuka da ke cikinta.

Asalin dabarar abu ne da kowa ke iya gwadawa a murhu. In ka barbaɗa gishiri a wuta sai harshenta ya yi rawaya, in wayar tagulla ce sai ya yi kore. Watau kowane sinadari, in ya sha zafi, yana fid da haske mai launin kansa. Waɗansu Jamusawa biyu, Bunsen da Kirchhoff, su suka kafa wannan ilmi wajen 1860. Amma harshen wuta bai cika wuce digiri 3,000 ba, sinadarai da yawa kuwa wannan zafi bai isa ya sa su haske sosai ba.

Sai masana suka koma ga abin da ake kira filasma, watau iskar da lantarki ya ratsa har ta zama wuta, irin ta walƙiya ko ta mai walda. Greenfield a Ingila ya bayyana hanyar a 1964, Fassel da Wendt a Amurka a 1965, aka fara sayar da na'urar a 1974. Sunanta ICP. Ana hura iskar argon cikin bututun gilashi mai jure zafi, wanda wayar tagulla ta naɗe bakinsa. In aka saki lantarki mai kaɗawa irin na rediyo cikin wayar, aka kyasta, sai iskar ta kama, zafinta ya kai digiri 6,000 zuwa 10,000.

Ita ƙasar ba a zuba ta haka nan. Ana shanya ta, a tankaɗe, a jiƙa da ruwan magani mai tsamo abin da saiwa za ta iya sha, a tace. Ruwan nan ake fesawa cikin wutar kamar raɓa. Hasken da ya fito sai na'ura ta rarraba shi kamar bakan gizo. Launi ya nuna wane sinadari ne, ƙarfin hasken kuma ya nuna yawansa, bayan an gwada shi da ruwan da aka riga aka san abin da ke ciki. Cikin 'yan mintoci a san fosfa da fotash da kalsiyam da zinki, har da dalma mai guba, duk a awo ɗaya. Naitirojin, wanda yuriya ke bayarwa, shi da wata hanya ake auna shi.

Ina amfanin wannan gare ka? Gyaɗar da ta rasa kalsiyam takan yi kwanso ba ƙwaya, takin sufa kuwa yana da shi. Masarar da ta rasa zinki takan tsumbure, sabon ganyenta ya yi fari-fari, ko ka ƙara yuriya ba ta warkewa.

Amma fa na'ura abin da aka ba ta shi take faɗi. To, ga yadda za ka ɗebi ƙasa. Zaga gonar duka, ka haƙa wuri 15 ko 20, zurfin taƙi guda. Kauce wa suri, da gindin gawo, da inda aka tara taki ko toka. Gauraya su cikin bokitin roba mai tsabta, kada na kwano, don zinkin jikinsa zai ɓata awon. Shanya a inuwa, ka ƙulle rabin kilo, ka rubuta sunanka da abin da ka shuka bara. Jigawa daban, fadama daban.

Ka kai wa malamin gona na yankinku tun kafin ruwa ya sauka, shi zai gaya maka inda ake awo da abin da za ka biya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.