FUREN MADAGASKA DA YAƘI DA CIWON DAJI

A harabar ofisoshin gwamnati da makarantu da yawa akan ga wani ɗan tsiro mai fure fari ko jaja-jaja, wanda aka shuka don ado kawai. Masana ilimin tsirrai suna kiransa Catharanthus roseus, asalinsa kuwa tsibirin Madagaska ne. Kaɗan ne daga masu wucewa ta gabansa suka san cewa daga ganyensa ake samun magunguna biyu da suka ceci rayukan dubban yara masu sankarar jini.

Labarin ya faro ne daga Jamaika, inda mutane suka daɗe suna dafa ganyen suna sha domin ciwon sukari. A 1952 aka aika da ganyen zuwa ga Dokta Robert Noble na Jami'ar Western Ontario ta ƙasar Kanada don ya bincika. Da ya gwada ruwan ganyen a jikin ɓeraye, bai ga wani sauyin kirki a sukarin jininsu ba. Abin da ya gani shi ne fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu ƙwarai. To, sankarar jini kuwa ba kome ba ce face hayayyafar waɗannan ƙwayoyi fiye da kima. Nan fa bincike ya sake alƙibla. A 1958 Noble da abokin aikinsa Charles Beer suka sanar da cewa sun tace sinadarin vinblastine. Daga baya masu bincike na kamfanin Eli Lilly suka fitar da ɗan'uwansa vincristine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963.

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu sai ta saƙa wasu siraran zare a cikinta, waɗanda ke jan kayan gadonta zuwa ɓangarori biyu. Waɗannan sinadarai suna hana saƙa zaren, sai rabuwar ta tsaya, ƙwayar ta mutu. Da yake ƙwayoyin daji sun fi yawancin sauran saurin rabuwa, su ne suka fi jin jiki. Kafin zuwan irin waɗannan magunguna, da wuya yaro ɗaya cikin goma ya tsira daga sankarar jinin da ta fi kama yara. Yanzu a ƙasashe masu arziki wajen tara cikin goma suna tsira, gama ana haɗa vincristine da wasu magunguna. Har ila yau ana amfani da shi wajen maganin kumburin muƙamuƙi da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, cutar da ke kama yara a Nijeriya ma.

Amma fa akwai gargaɗi. Sai an tara busasshen ganye wajen kilo 500 kafin a sami giram ɗaya na vinblastine, kuma ta jijiya kaɗai likita ke ba da shi, bisa awo, domin yana iya raunana jiki. Saboda haka wanda ya dafa ganyen ya sha bai yi maganin daji ba, lokacin zuwa asibiti kawai ya ɓata.

Darasi ga ɗalibai shi ne, ilimin masu maganin gargajiya ya nuna ƙofa, awo da gwaji ne suka buɗe ta. Itatuwan dazuzzukan ƙasar nan ma suna jiran masu irin wannan haƙuri.