Maganaɗisun Da Ba Ya Jan Ƙarfe

Kowane ɗan makaranta ya san mayen ƙarfe, watau maganaɗisu, yana jan allura. Dalili kuwa, ƙwayoyin zarra da ke cikinsa kowace ƙaramin maganaɗisu ce, duk sun fuskanci waje guda, ƙarfinsu ya haɗu. Amma akwai waɗansu ma'adinai da al'adarsu ta saɓa wa wannan. A cikinsu kowace ƙwaya so take ta ba maƙwabciyarta baya: in wannan ta dubi sama, waccan ta dubi ƙasa, sai ƙarfin ya kashe juna, allura ba ta ko motsi. Wani masani Bafaranshe, Louis Néel, shi ya bayyana wannan da lissafi tun wajen 1936. A 1949 kuma Shull da Smart suka tabbatar da shi a Oak Ridge ta Amurka, da suka haska ƙwayoyin niyutiron cikin haɗin manganis da oksijin.

To, ga inda gizo ke saƙa. In ƙwayoyin na zaune a kusurwa huɗu, kowace ta sami biyan bukata: sama, ƙasa, sama, ƙasa. In kuwa zaman duwatsun murhu suka yi, uku-uku, ta farko ta dubi sama, ta biyu ta dubi ƙasa, ina ta uku za ta duba? Gaba kura, baya siyaki. A 1950 Wannier ya nuna da lissafi cewa in sama da ƙasa kaɗai aka yarje musu, irin wannan jeri ba ya tsayawa kan tsari guda, komai tsananin sanyi. A 1977 Gérard Toulouse ya raɗa wa wannan hali suna, da kalmar da ma'anarta takaici.

Yaya ma'adini ke fita daga wannan ƙangi? Sau da yawa ƙirarsa yake sadaukarwa. A haɗin manganis ɗin nan, ƙwayoyin sun jeru kamar akwati mai tsawo da faɗi da zurfi daidai wa daida, kowace manganis da maƙwabta 12, duk nisansu ɗaya. In sanyi ya kai wajen digiri 155 ƙasa da daskarewar ruwa, sai su daidaita, amma 6 kaɗai ke ba ta baya, 6 na duban inda take duba. Nan take akwatin ya ɗan matse ta kusurwa, waɗanda suka ba ta baya su matso kusa, sauran su ɗan nisanta. Ashe daidaiton ƙira shi ya haddasa rigimar, karkacewa kuwa ta sassauta ta.

Saboda haka malami kada ya tsaya ga allura da garin ƙarfe kurum. Ya zana kusurwa huɗu da kusurwa uku a allo, ya ba yara alli su sa kibiyoyi, kowace ta saɓa wa ta kusa da ita. Da hannunsu za su gane cewa halin abu ba ga ƙwayoyinsa kaɗai yake ba, har da irin zaman da suka yi.