Yammaci guda a bikin baje kolin manoman Iowa, inda yara ke kiwo don gasa

Da misalin ƙarfe biyu na rana a tsakiyar watan Agusta, zafi kan kai maki 30 a birnin Des Moines na jihar Iowa da ke Amurka. Duk da haka titunan filin baje kolin jihar cike suke maƙil: iyaye na tura kekunan jarirai, tsofaffi na zaune a inuwa, ƙamshin soye-soye ya gauraya da warin kashin shanu.

Wannan shi ne bikin baje kolin manoma na Iowa, wanda aka fara a 1854 a garin Fairfield, kafin ya samu mazauni na dindindin a wannan fili a 1886. Kwana 11 ake yi ana gudanar da shi duk bazara, kuma mutum sama da miliyan ɗaya ke halarta, a jihar da al'ummarta ba su wuce miliyan uku da ɗoriya ba.

Kafin a zo nan, gundumomin jihar 99 kan yi nasu ƙananan bukukuwan, galibi a watan Yuli.

Wankan sa da gyaran gashi

Baƙo zai fara cin karo da lilo masu juyawa da rumfunan abinci, amma zuciyar bikin tana can cikin rumfunan dabbobi.

A nan za a ga yarinya 'yar shekara 13 ko 14 tana wanke san da ya ninka ta nauyi sau goma. Ta goge shi da sabulu, ta busar da gashinsa da na'ura, ta taje, sannan ta kai shi gaban fanka ya huta a kan garin katako.

Yawancin yaran 'yan ƙungiyoyin matasan manoma ne guda biyu, 4-H da FFA. Yaro kan karɓi maraƙi tun kakar da ta gabata, ya ciyar da shi safe da yamma har cikin tsananin sanyin hunturu, ya riƙa rubuta abin da ya kashe da nauyin da dabbar ta ƙara.

Idan lokaci ya yi, sai a ja shanun zuwa dandalin gasa da aka gina tun 1902. Kowane yaro na riƙe da igiya a hannu ɗaya, da doguwar sanda mai 'yar ƙugiya a ɗayan, wadda yake daidaita ƙafafun san da ita. Alƙalin gasa zai zagaya, ya shafa gadon baya da haƙarƙari, ya duba tafiya, sannan ya ɗauki makirufo ya bayyana wa jama'a dalilin da ya sa ya fifita wannan a kan wancan.

Zakarun gasar ana gwanjonsu a ƙarshen bikin. 'Yan kasuwa da kamfanoni kan haɗa kuɗi su saya da farashin da ya zarce na kasuwa nesa ba kusa ba, wani kaso ya shiga hannun yaron, wani ya tafi asusun tallafin karatu. Daga nan dabbar mayanka ta nufa. Duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya har ya shaƙu da shi zai fahimci dalilin da ya sa wasu yaran ke fita daga dandalin suna share hawaye.

Saniyar man shanu

Wajen ƙarfe huɗu, layi kan yi tsawo a zauren kayan gona. Abin da ake jiran gani saniya ce da aka sassaƙa da man shanu kimanin kilo 270 a kan ƙashin katako da ƙarfe, tana tsaye cikin ɗakin sanyi na gilashi. Tun 1911 ake wannan al'ada, kuma tun 2006 wata malamar makaranta, Sarah Pratt, ce ke sassaƙa ta. Ba a zubar da man, ana adana shi a sake amfani da shi har tsawon shekara goma.

Akwai kuma gasar kabewa mafi girma, da ta bajimin da ya fi nauyi, har da gasar ƙwala wa miji kira, inda mata ke hawa dandali a ga wadda muryarta ta fi kai wa nesa.

'Yan siyasa ma ba a bar su a baya ba, saboda Iowa na sahun farko a zaɓen fitar da gwani na shugaban ƙasa. Jaridar Des Moines Register kan ba kowane ɗan takara minti 20 ya yi wa jama'a jawabi. A 2015 Donald Trump ya zo da jirginsa mai saukar ungulu, ya riƙa ɗaukar yara shawagi.

Wa zai gaji gonar?

Bayan wannan nishaɗi akwai damuwa. Ƙidayar aikin gona ta Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi ya kai 58, yawan gonaki kuma ya ragu da kusan kashi bakwai cikin ɗari a shekara biyar, zuwa miliyan 1.9.

A Iowa, binciken Jami'ar Jihar Iowa ya nuna matsakaicin farashin eka ɗaya ta gona ya haura dala 11,000 a 2023. Matashin da bai gaji ƙasa ba da wuya ya iya saya, shi ya sa manyan gonaki ke haɗiye ƙanana, yara kuma ke komawa birane bayan karatu.

Cututtuka ma na barazana. Korona ta sa an soke bikin a 2020, karon farko tun Yaƙin Duniya na Biyu. A 2024, ɓullar murar tsuntsaye a jikin shanun madara ta sa aka dakatar da shirin da ake barin baƙi su gwada tatsar nono da hannunsu.

Saboda haka iyaye da malaman gona ke ɗaukar gasar yaran da muhimmanci. A nan ne yaro ke koyon lissafin riba da asara, da kula da lafiyar dabba, da tsayawa gaban alƙali ya kare aikinsa.

Zuwa ƙarfe shida, rana ta yi sanyi, fitilun lilo sun fara haskawa, jama'a na tururuwa zuwa wajen kiɗa. A rumfunan dabbobi kuwa, yaran na kwashe kashi, suna cika bokitan ruwa, wasu na shimfiɗa gadon tafi-da-gidanka kusa da shanunsu, domin gasar gobe da sassafe za ta fara.