Daga Daura zuwa Abuja: Albashi wata-wata, kuɗin haya na shekara

Da an sauko daga Hawan Magajiya, tashar motar Daura takan cika da masu komawa bakin aiki. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai direbobi da masu gadi, akwai masu shayi da 'yan tireda. Da yawansu Abuja suka nufa, tafiyar fiye da kilomita 500 ta Kazaure da Kano da Zariya da Kaduna.

Galibinsu su kaɗai suke shiga mota, mata da yara suna gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin hayar ɗaki ɗaya a babban birnin ƙasa ya isa ya kama gida sukutum a Daura ko Sandamu ko Zango.

Amma tsada ba ita kaɗai ce matsalar ba. Abin da ya fi karya baƙo shi ne yadda ake biyan kuɗin. Ma'aikaci yana karɓar albashi wata-wata, ɗan kasuwa yana samun nasa kullum, mai gida kuwa na shekara guda yake so a dunƙule kafin ya miƙa makulli. Wani ma sai ya ce na shekara biyu.

Lissafin da ke jiran baƙo

Wanda ya taso a Daura ya saba da cewa matsuguni ba abin ciniki ba ne. Saurayi yana da shago a ƙofar gida, in ya yi aure a yanka masa sashe a gidan gado. Baƙo kuwa zaure ba ya ƙin sa. Ko da haya ce, sau da yawa magana ce tsakanin mutanen da suka san iyayen juna, kuma ana iya ɗaga ƙafa zuwa kaka.

A Abuja ba haka abin yake ba. Da wuya mai neman gida ya ga mai gidan ido da ido. Dillali ne zai fara tarbarsa, kuma tun kafin ya ga ɗakin za a nemi kuɗin duba gida, wanda ba a mayarwa ko da gidan bai yi masa ba.

In an daidaita, sai lissafi ya biyo baya. A bisa al'adar kasuwar, dillali yana karɓar la'adar kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Ana ƙara wani kashi 10 a matsayin kuɗin lauya da takardar yarjejeniya. Sannan ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ya kamata a mayar wa ɗan haya ranar da zai tashi, amma sau da yawa sai an kai ruwa rana. A rukunin gidaje masu katanga da ƙofa akwai kuma kuɗin gadi da shara da ruwa.

A misali, ɗakin da aka yi wa kuɗi naira miliyan ɗaya zai ci miliyan ɗaya da dubu 200 da an haɗa dillali da lauya, tun ba a zo kan kuɗin ajiya ba, balle katifa da labule da tukunyar gas.

A gwada wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024. Wanda ke karɓar wannan kuɗi, ko da bai ci ba bai sha ba har wata 12, naira 840,000 zai tara. Shi ya sa sabon ma'aikaci yakan shafe watanni yana kwana a ɗakin wani ɗan garinsu, ko a shagon da yake tsaro, ko a kangon da ake ginawa.

Yadda birnin ya tura ma'aikatansa waje

Wannan hali yana da tarihi. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An ƙaura daga Legas a hukumance ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

An tsara birnin ne a takarda, za a gina shi zango-zango. Zangon farko shi ne ya ƙunshi Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, inda aka zuba tituna da magudanan ruwa da famfo. Sai dai jama'a sun riga ginin sauri. Mutane sun yi ta kwarara, ayyukan raya sababbin unguwanni kuwa suna tafiyar hawainiya. Filin da ke da titi da ruwa ya yi kaɗan, don haka kuɗinsa ya tashi.

Da can, ma'aikacin gwamnatin tarayya yana iya samun gidan gwamnati. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo tsarin mayar da irin waɗannan alfarmomi zuwa kuɗi a cikin albashi, aka kuma sayar da gidajen a lokacin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan Abuja. Waɗanda suka samu damar saye a lokacin sun zama masu gida. Waɗanda aka ɗauka aiki daga baya kuwa sai suka faɗa hannun kasuwa.

A wannan zamanin ne kuma aka rushe gine-gine masu yawa da aka ce sun saɓa wa tsarin birnin, aka hana acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006. Masu ƙaramin ƙarfi suka ƙara ja da baya zuwa Kubwa da Dei-Dei da Lugbe da Nyanya da Karu da Kuje da Gwagwalada. Wasu ma suka fita daga yankin gaba ɗaya: Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, Madalla da Suleja a Jihar Neja.

Suleja ɗin nan ita ce Abuja ta asali. Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau na Haɓe, shi ya kafa ta a 1828. Da aka ba sabon birni sunanta, sai aka raɗa mata Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yau garin da ya bayar da sunan yana cikin masu ba ma'aikatan birnin wurin kwana.

Araha ba ta ado

Ɗakin Mararaba ya fi na Wuse sauƙi nesa ba kusa ba, amma ragin da aka samu a hanya ake biyan sa.

Mai aiki a sakatariyar tarayya da ke zaune a Masaka yakan fito da an sallame sallar Asuba, domin ya riga cunkoson da ke taruwa a kan hanyar Keffi, daga Mararaba zuwa gadar Nyanya har zuwa AYA. Da yamma haka zai sake yi. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba in hanya a buɗe take, takan ci awa biyu. Yaran da aka bari suna barci, sau da yawa suna barci za a dawo a tarar da su.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara tsanani. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a Abuja. Kuɗin mota ya bi sahu. Jirgin ƙasan cikin birni da aka ƙaddamar a 2018, aka kuma farfaɗo da shi a Mayun 2024, bai bi ta ɓangaren Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi ƙamari.

Ga kuma fargabar ɓarayin nan da ke shigar direbobin tasi, waɗanda ake kira 'yan wan-cans, da ke ɗaukar fasinja su yi masa ƙwace. Mai fita da duhu ya dawo da duhu shi ya fi shiga haɗarinsu.

Ruwa ma lissafi ne. A unguwanni da dama na bayan gari famfon gwamnati bai kai ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Da yawa daga cikin masu tura kurar ruwan nan su ma 'yan cirani ne daga Arewa, waɗanda ke haɗuwa su biyar ko shida a ɗaki ɗaya domin su samu abin aikawa gida.

Akwai masu zaɓar ƙauyukan Gbagyi da birnin ya zagaye, irin su tsohuwar Garki da Jabi da Durumi, saboda kusanci da wurin aiki. Ɗaki a nan yana da sauƙi, sai dai gine-gine da yawa ba su da takardar izini. In aka shafa wa bango jan fenti, ɗan hayan da ya biya shekara ba shi da wanda zai riƙe.

Gida biyu, aljihu ɗaya

A nan ne magidanci yake yanke shawarar barin iyali a gida. A Daura yara suna gaban kakanninsu, ga Islamiyya, ga hatsin gona. A Abuja kuwa ɗaki ɗaya ba zai ɗauki mata da yara huɗu ba, ciki da falo kuma ya fi ƙarfin aljihu.

Sai ya zama yana riƙe da gida biyu: haya da abinci a can, cefane da kuɗin makaranta a nan, ga kuɗin motar zuwa ganin gida. Wanda a da yake zuwa duk ƙarshen wata, yanzu sai bayan wata biyu ko uku. Tarbiyya da jinya da hidimar yau da gobe duk sun koma wuyan uwargida.

Akwai kuma nauyin zato. A shekaru takwas na mulkin marigayi Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, da yawa sun ɗauka duk ɗan Dauran da ke Abuja yana kusa da gwamnati. Mai gadi da ƙaramin ma'aikaci ba su tsira daga wannan kallon ba. In sun zo Sallah ana jiran su da buƙatu, alhali kuɗin adashin da suke zubawa na hayar baɗi ne.

Me doka ta ce?

An sha yunƙurin gyara. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin da zai hana masu gidaje a Abuja karɓar fiye da kuɗin wata uku a farko, daga nan a riƙa biya wata-wata. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, amma har majalisa ta tara ta kammala wa'adinta a 2023 bai zama doka ba. A Legas, dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya.

Masu gidaje su ma suna da tasu hujjar: siminti da rodi sun yi tsada, darajar naira tana zubewa, kuma fitar da wanda ya ƙi biya ta hanyar kotu yana cin lokaci. A ganinsu kuɗin shekara shi ne kariyarsu.

Ta ɓangaren gwamnati, ma'aikatar gidaje ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa, ɗan Jihar Katsina da aka naɗa minista a 2023, ta fara ginin gidaje 3,112 a Karsana a Fabrairun 2024. A Disamban wannan shekarar kuma kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 da hukumar EFCC ta ƙwato a Lokogoma. Wannan ya sake tayar da tsohuwar magana: birnin da ma'aikata ke rasa ɗaki, shi ne kuma mai manyan gidajen da babu kowa a ciki sai maigadi.

Duk da haka, ɗan haya yana da haƙƙoƙin da ya kamata ya sani. A dokar karɓe gidaje da ke aiki a Abuja, in babu wata yarjejeniya daban, mai biyan shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata kuma wata guda. Bayan haka sai wata sanarwar ta kwana bakwai, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko rufin ɗaki ko watsar da kaya waje da kansa.

Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a 2025 ta ba mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai. Wanda ba shi da rasit zai sha wuyar cin wannan moriya.

Don haka masu tsohon zama sukan gargaɗi sabon zuwa: kada ya biya ko sisi sai ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ya tabbatar da ainihin mai gidan ko lauyansa. Ya biya ta banki, ya karɓi rasit da takardar yarjejeniya. Ya tambayi maƙwabta halin ruwa da wuta da ambaliyar damina. Ya duba ko akwai tsohon bashin lantarki a kan mitar. Sannan ya haɗa kuɗin motar wata 12 a kan kuɗin hayar kafin ya ce gidan ya yi araha.

Daura ma ta fara ɗanɗanawa

Abin da 'yan Daura ke gani a Abuja ya fara leƙo gida. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da asibitin sojojin sama sun kawo ma'aikata da ɗalibai daga sassan ƙasar nan, kuma kowannensu yana buƙatar wurin kwana. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ta garin.

Gonakin bakin gari suna komawa fulotai, ana gina ɗakunan haya, dillalai suna ƙaruwa. Baƙon da ya zo aiki Daura daga Inugu ko Ilori yana tambayar abin da Badauri ke tambaya a Kubwa: nawa ne, kuma na wata nawa za a biya?

Amsar tana hannun masu gidajen garin, waɗanda da yawansu suna da ɗa ko ƙane da ke zuba adashin kuɗin haya a Mararaba.