Kalma da Ma'anarta a Wasan Scrabble: Darasi ga Koyar da Hausa a Mubi

1.0 Gabatarwa

Wasa da kalmomi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin kuwa yana da kacici-kacici da zaurance da karya harshe. Sai dai duk waɗannan na baka ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin Scrabble, wasan harhaɗa kalmomin Ingilishi a rubuce, don a ga yadda yake ɗaukar kalma da ma'anarta, sa'an nan a duba abin da za a iya ara daga gare shi wajen koyar da rubutun Hausa a gari mai harsuna da yawa kamar Mubi ta Jihar Adamawa.

2.0 Tsarin Wasan

Wani Ba'amurke, Alfred Butts, shi ne ya ƙago wasan a 1938, aka raɗa masa sunan Scrabble a 1948. Ana yin sa da ƙwayoyi 100 a kan allo mai gidaje 225. Butts ya ƙirga yawan aukuwar haruffa a jaridun Ingilishi, ya ba harafin da ya yawaita maki kaɗan, wanda ya yi ƙaranci kuma maki mai yawa. Saboda haka akwai E guda 12 masu maki 1, alhali Q da Z ɗai-ɗai ne masu maki 10. Nijeriya ta yi fice a wasan, domin a 2015 Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

3.0 Kalma ba Ma'ana

A gasa ba a tambayar ɗan wasa ma'ana. Sharaɗin kawai shi ne kalmar ta kasance cikin jerin da aka amince da shi. Dalili ke nan da ya sa ake haddace gajerun kalmomi irin waɗannan:

(1) QI: ƙarfin rai a falsafar Sin
(2) XU: ƙaramin kuɗin ƙasar Biyetnam
(3) JO: masoyi, a karin harshen Sikotilan

Babbar shaida ita ce Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, wanda ya ci gasar duniya ta Faransanci a 2015 ba tare da yana jin harshen ba. Ke nan wasan yana horar da ido kan siffar kalma, amma ba ya tabbatar da sanin ma'anarta.

4.0 Mayar da Wasan Hausa

A Mubi, Hausa ce harshen kasuwa tsakanin masu jin Fulatanci da Guɗe da Fali da Margi da sauransu. Fulatanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ, don haka akan ji ana furta ta kamar k, sai baki da baƙi su zama ɗaya a furuci, daga nan kuskuren ya shiga rubutu. Wasan da zai keɓe wa ƙ ƙwayarta zai tilasta wa ɗalibi ya zaɓa. Amma kafin a kai ga haka akwai matsaloli huɗu.

Na farko, rabon maki. Daidaitacciyar Hausa ba ta amfani da q da v da x, kuma wasalin a ne ya fi yawaita, ga k da Ingilishi ya ba maki 5 tana ko'ina. Dole a sake ƙirga haruffa daga rubuce-rubucen Hausa, a kuma yanke shawara ko sh da ts za su zauna a ƙwaya ɗaya.

Na biyu, ɗafi. Ɗan wasan Ingilishi yakan tsawaita kalma da S, shi ya sa aka taƙaita ta zuwa 4. A Hausa n da r ne za su yi wannan aiki, kamar gida, gidan, mota, motar.

Na uku, ƙirar aikatau. Daga saiwa ɗaya ana samun saya, sayi, saye, sayo, sayu da sayar, kowacce da ma'anarta.

Na huɗu, rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da siffa ɗaya. A nan ya kamata a saɓa wa Scrabble, a wajabta wa ɗan wasa ya sa kalmar cikin jimla kafin a ba shi maki.

5.0 Kammalawa

An ga cewa Scrabble yana koyar da siffa ya bar ma'ana. Wasan Hausa zai iya haɗa biyun, muddin aka sami ƙamusun da zai raba gardama. Na Bargery na 1934 ya cika da kalmomin kare-karen harshe, don haka Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya fi dacewa. Makarantun Mubi, inda Hausa take harshe na biyu ga ɗalibai da dama, su ne fagen da ya dace a fara gwada shi.