Juyi Bisa Kai Da Alkafura Bisa Keke: Ƙa'idodin Da Ke Ƙarƙashinsu

A wasannin Olamfik da aka yi a Faris, babban birnin Faransa, cikin shekarar 2024, an keɓe dandalin nan da ake kira Konkod domin waɗansu wasanni na samari. Biyu daga cikinsu su ne abin maganarmu yau. Ɗaya rawa ce da ake kira birekin, wadda mai yinta kan kafa kansa a ƙasa, ƙafafu sama, ya yi ta juyawa kamar katantanwa. Ɗayan kuwa wasa ne da ƙaramin keke mai suna BMX, inda mahayi kan tashi sama daga tudun katako, ya yi alkafura shi da kekensa, sa'an nan ya dira bisa taya kamar ba abin da ya faru.

Yaranmu sun ga waɗannan abubuwa cikin wayoyin hannu, har waɗansu sun fara gwadawa a bayan aji. Idan yaro ya tambayi malaminsa yadda ake yi, bai kamata a ce masa siddabaru ne ba, bai kuwa kamata a kore shi da tsawa ba. Duk abin nan yana cikin ilmin da ake kira fiziks, watau sanin ƙa'idodin motsi da nauyi da ƙarfi, kuma tushensa yana cikin littafin da Isaac Newton na Ingila ya buga tun 1687.

Rawar birekin ta taso ne a unguwar Buronkis ta birnin Niyok, a Amurka, wajen 1973, tsakanin 'ya'yan baƙar fata da 'ya'yan mutanen Fotoriko. Wani mai sa faifai, Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya lura matasa sun fi zabura a daidai inda mawaƙi ya yi shiru ganguna kaɗai ke tashi. Sai ya riƙa sa faifai biyu iri ɗaya, yana maimaita wannan gaɓa daga wannan zuwa wancan don ta yi tsawo. Wasan keken kuwa a Kalifoniya ya fara, yara na kwaikwayon masu tseren babur. Ya shiga Olamfik a wasannin Tokiyo da aka yi cikin 2021, rawar kuwa sai a 2024, inda Ami Yuasa ta Japan da Philip Kim na Kanada suka ci lambobin zinariya.

Bari mu fara da tsayuwa, don ita ce mai sauƙin ganewa. Kowane jiki yana da wani wuri guda wanda za a iya cewa nan nauyinsa duka ya taru, shi muke kira cibiyar nauyi. Ga mutum a tsaye, tana ɗan ƙasa da cibiyarsa, can ciki. Ƙa'idar ita ce, muddin cibiyar nauyi tana bisa abin da aka dogara da shi a ƙasa, ba a faɗuwa. Mai tsayuwa da ƙafa biyu yana da fili mai faɗi, mai wasan langa filinsa tafin ƙafa ɗaya ne, shi ya sa turi kaɗan ke kayar da shi. To, mai rawar birekin kan tsaya cak bisa tafin hannu ɗaya, jiki a sama, daidai da bugun ganga. In kun duba hotonsa da kyau za ku ga ba a banza ya wargaza gaɓoɓinsa ba. In ƙafafu sun karkata hagu, kai da kafaɗa sun karkata dama, sau da yawa kuma ya kan kafa gwiwar hannu cikin cikinsa ta zama ginshiƙi. Yarinyar da ke ɗauke da tulu a ka, ba ta riƙe ba, lissafin nan take yi da wuyanta ko da ba ta taɓa jin sunan Newton ba.

Juyi shi ne inda maganar ta yi daɗi. Abin da ke juyawa yana ɗauke da wani rabo na juyi, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Wannan rabo ya dogara ga abu biyu: saurin juyawa, da kuma nisan nauyi daga tsakiyar da ake kewayawa. Nisan nan kuwa ba ɗaya bisa ɗaya ake lissafa shi ba. Nauyin da aka matsar ya yi nisa ninki biyu, wuyar juya shi ninki huɗu ce. In ninki uku ne, ta zama ninki tara. Saboda haka mai juyi bisa kai ya kan fara da ƙafafu a buɗe, yana tura ƙasa da hannuwansa har ya tara rabo mai yawa alhali yana juyawa sannu. Sa'an nan ya ɗauke hannu, ya tattara ƙafafunsa wuri ɗaya. Tun da rabon ba zai ragu ba, nauyi kuwa ya matso tsakiya, dole saurin ya ƙaru. In wuyar juyi ta ragu rabi, sauri ya ninka. In yana so ya tsaya, sai ya sake buɗe ƙafafu.

Wani almajiri mai kaifin hankali zai ce, to, ina ƙarin ƙarfin ya fito? Tambaya ce mai kyau, kada a share ta. Ya fito ne daga tsokar cinya da ta ciki, domin jawo ƙafafu ciki ana tsakiyar juyi aiki ne, kamar yadda mai majajjawa ke jin dutse yana jan hannunsa. Malamin da ke da kujera mai juyawa a ofishin makaranta yana iya nuna wannan cikin minti biyu: a zaunar da yaro riƙe da littafi mai nauyi a kowane hannu, a juya shi hannuwa a miƙe, a ce ya naɗe su a ƙirji. Ajin duka zai gani da ido, kuma ya fi a rubuta musu a allo su haddace.

Me ya sa kuwa juyin ke daɗewa? Abin da ke cinye shi gogayya ce tsakanin kai da daɓe. Da yake wurin da ya taɓa ƙasa ɗan ƙanƙane ne, kuma daidai tsakiyar juyin yake, gogayyar ba ta da hannun da za ta riƙe shi da shi. Dalilin ke nan da mazarin kaɗi ke da tsini a gindi. Masu rawar su kan ƙara da hula mai santsi, su nemi daɓe mai sulɓi. Amma a nan akwai gargaɗi. Nauyin mutum duka yana bisa tsakar kansa da ƙasusuwan wuya. Cikin 2024 waɗansu likitoci a Danmak suka ba da labarin wani mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya yi shekara 19 yana wannan juyi, har ƙari ya fito masa a tsakar ka, sai da aka yi masa aiki aka cire. Wannan kuwa gwani ne. Yaron da ya gwada bisa tsakuwa ba mai koya masa, wuyansa ya sa a caca.

Yanzu sai keke. Tayarsa inci 20 ce, nauyinsa bai wuce kilo 11 da yawa ba, kuma a gasa ana ba kowa sakan 60 ya nuna abin da ya iya. Babban abokin gabansa lokaci ne. Ƙasa tana jan kome, saurin abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da ƙafa 32 cikin sakan a kowane sakan, watau mita 9.8. Daga nan lissafi ya fito sarai. Wanda ya tashi ƙafa 4 sama da bakin tudu, sakan ɗaya ke gare shi a iska, rabi hawa rabi sauka. In yana son sakan biyu, ba ƙafa 8 zai tashi ba, sai ƙafa 16, kuma sai ya bar bakin tudu da gudun kusan mil 22 a awa. Ninka lokaci sau biyu, sai an biya da tsawo sau huɗu. Da zarar taya ta rabu da katako, hanyar da cibiyar nauyinsa za ta bi ta riga ta yanke, kamar ta dutsen da aka jefa. Ko ya miƙe ko ya ƙudundune, ba zai ƙara ko da ƙiftawar ido ba.

Abin mamaki, ba da feda kaɗai suke samun gudun ba. Mahayi ya kan durƙusa in zai shiga kwarin gangara, ya miƙe da ƙarfi a daidai inda katakon ya lanƙwasa. Aikin da cinyoyinsa suka yi a wannan miƙewa shi ke komawa gudu. Duk yaron da ya taɓa hawa lilo a tsaye ya san wannan dabara.

Alkafurar ma a ƙasa ake sayenta. A iska ba abin da mutum zai tura, don haka rabon juyin da zai yi amfani da shi sai wanda ya ɗauko daga bakin tudu, sa'ad da ya ja kan keke ya jefa kafaɗunsa baya. Abin da ya rage masa a sama shi ne abin da mai rawa ke yi: ya matse keke a jikinsa juyi ya yi sauri, ya ware in ya hango ƙasa juyi ya lafa. Akwai kuma salon da mahayi ke riƙe da kan keke, ya shuri gangar keken ta kewaye ta dawo ƙarƙashinsa. Newton ya ce duk abin da ka tura yana turo ka daidai wa daida, amma mutum mai kilo 70 ya fi kekensa nauyi sau shida, sai keken ya yi tafiyar, shi ya ɗan gusa kawai. A Tokiyo, Charlotte Worthington ta Ingila, wadda dā mai dafa abinci ce a wani gidan cin abinci, ta haɗa alkafura da juyi guda cikin tashi ɗaya, abin da mace ba ta taɓa yi a gasa ba. Zagayen farko ta faɗi. A na biyu ta sake yi ta dira lafiya, aka ba ta maki 97.5, ta ci zinariya.

A ganinmu sauka ita ce ta fi kome bukatar a bayyana wa yara, ga shi kuwa ita ce 'yan kallo ba su kula da ita. Wanda ya faɗo ƙafa 16 bisa fili shimfiɗaɗɗe, ya tsayar da jikinsa cikin tazarar ƙafa ɗaya, ƙarfin da zai hau gaɓoɓinsa ya kai kimanin nauyinsa sau 17. Ga mai kilo 70, ya wuce tan guda. Shi ya sa ake gina wurin sauka a gangare, don mafi yawan gudun ya bi gangara ya wuce gaba, ɗan abin da ya rage gwiwa da gwiwar hannu su shanye. Sabon salo kuwa cikin ramin da aka cika da soso ake koyonsa, kuma ba a shiga gasa sai da hular kwano.

Alƙalai dai ba lissafin nan suke aunawa ba. A rawar birekin ta Faris su tara ne, suna duban ƙwarewa, da yawan salo, da tsabtar aiki, da bin kiɗa, da abin da mutum ya ƙago da kansa. Biyun na ƙarshe ba ma'aunin da zai auna su, nan ne kuwa ake yawan gardama ko wannan rawa wasa ce ko fasaha. Masu shirya wasannin Los Anjalis na 2028 ba su sa ta cikin jerinsu ba, amma wasan keke yana ciki.